Bayan mulkin kaki, ƙungiyar ƴan kasuwa na iya gyara wani abu ko tara kuɗin biki ne kawai aikinta?

Ɗan Ader (Tawa)

Salamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana cin raina, in akwai masu sani don Allah a taimaka mani. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, shinkahwa da mai da sukari da makaroni nike saidawa, ba wani babban shago ba ne, kuma shekara huɗu ke nan da anka ɗora mani sakataren wata ƴar ƙungiya tamu ta masu shaguna, mu wajen 60, don kawai na yi lakwal har kolej ina iya rubuta takarda da faransanci. Tun da munka kahwa ta abin da munka sani shi ne kotizasiyo jikka guda duk wata, in an yi ma wani rasuwa ko haihuwa mu kai gudummuwa, in wani babba ya zo gari mu sa manyan riguna mu tahi tarba mu sha rana mu dawo. Iyakar aikinmu ke nan.

To satin da ya wuce ɗan yayata da ke karatu Yamai ya zo hutu, muna zamne bakin shago da dare muna shan shayi sai ya ce mani wai Kawu ka san a wasu ƙasashe irin ƙungiyarku ce ta taimaka anka gyara ƙasa bayan mulkin kama-karya, har da maganar zaɓe da dokokin kasuwa, wai har akwai cibiyoyi na waje da ba su da wani aiki sai tallahwa ma ƙungiyoyin ƴan kasuwa don wanga abu. Ni dariya ma na yi mashi. Na ce yaro ni zamanin Kunce na girma, ina saurayi anka yi babban taron ƙasa na 1991, kwana 98 muna manne da radiyo cikin shagon babana, kuma waɗanda munka ji muryarsu ta hi ƙarhi ƴan lakwal ne na USN da ma'aikata na USTN, su anka harbe ma yara bakin gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, su sunka tada ƙura har Ali Saibu ya yarda. Bayan nan na ga juyin mulkin 1996, na ga 1999, na ga 2010, na ga 2023, kuma kowane karo abin da ɗan kasuwa ka yi guda ne, ya ja ƙohwar shago ya jira ƙura ta lahwa, in ta lahwa ya tambaya wa za a gaisar yanzu.

Amma da yaron ya koma maganar ta ƙi barina. Da gaske akwai inda anka yi hakan? In akwai, manyan attajirai ne ko har irinmu masu buhu goma sha? Kuma mu da ke nan Tawa daga ina za mu hwara? Don Allah ban zo siyasa ba, ba na goyon kowa ba na zagin kowa, kar wani ya ja ni inda ban nuhwa ba. Kowane mulki dai wata rana za ya wuce wani ya zo, kasuwa ita tana nan.

Baba Mai Goro (Tawa)

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ka rubuta mani wanga a waya, ni hwaɗi nike. Shekarata ta wuce 70 kuma tun zamanin Diori nike kasuwa, saboda haka bari in gaya maka abin da idona ya gani, kai kuma ka auna.

Ɗan kasuwar ƙasarmu bai taɓa neman a gyara doka ba, abin da yake nema a ɗauke mashi dokar shi kaɗai. Da can gyaɗa SONARA ce ke da ita, shigo da kayan masaruhi irin su sukari da gishiri Copro-Niger ce, hatsi kuma OPVN. Duk wanda ka ga ya yi kuɗi wancan zamani to ka bincika, ko ya samu lasisi ko ya zama ɗan kamasho na ɗaya daga cikin waɗanga, kuma ba a samun hakan sai ka san wani wanda ya san wani. Da anka zo tsakiyar shekarun 1980 masu bashi na waje sunka ce a saki kasuwa, munka ce to madalla yanzu kowa za ya ci, ashe waɗanda sunka riga sunka tara su ne dai da motoci da sito da hanya. Sannan ga BDRN, bankin da anka kahwa don raya ƙasa, manya sunka ɗibi bashi kamar ruwan rijiya ba a biya ba har ta durƙushe a 1990. Ka taɓa jin ƙungiyar ƴan kasuwa ta hito ta ce a kama mambanta ya biya? In ɓera da sata daddawa ma da wari ɗana.

Kuma ranar da anka karya darajar sefa, Janairu 1994, mun kwana faran ɗin Faransa guda sefa 50 mun tashi ya koma 100, wanda ke da kaya cikin sito ya wayi gari attajiri, wanda ya ci bashin kayan waje ya wayi gari matsiyaci, ni ina cikin na biyun. Lokacin hwa dimokuraɗiyya ake, Mahaman Usman na bisa kujera, zaɓaɓɓe. Ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu da bakin da za mu yi magana da shi.

Ni shawarata ka riƙe littahinka na kotizasiyo, ka kai gudummuwar rasuwa, akwai lada ciki. Ranar da ƙungiyarku ta yi ƙarhin da za a ji ta, ranar za a kira shugabanku a ba shi kwangilar shinkahwa, daga nan ba ku ƙara jin bakinshi.

Malam na Harobanda (Yamai)

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, duk abin da kuka faɗa haka yake, ba ni da ja. Sai dai zan ɗan ƙara wani gefe don ɗan yayar Alhaji bai yi ƙarya ba. Ni koyar da tattalin arziki nake, wannan batun kuma ina son shi.

Misalin da ya fi kusa da mu Tunisiya ce. Ben Ali ya yi shekara 23 yana mulki ya gudu ran 14 ga Janairu 2011. Ƙungiyar masu masana'antu da ƴan kasuwa ta ƙasar, UTICA, tana nan tun 1947, kuma zamanin Ben Ali ba ta da bambanci da abin da Baba ya kwatanta, shugabanta ma surukin dangin matar shugaban ƙasa ne. Bankin Duniya ya yi bincike a 2014 ya gano kamfanoni 220 na dangin Ben Ali su ke kwashe kashi 21 cikin 100 na ribar duk kamfanoni masu zaman kansu a ƙasar, ba don sun fi kowa iya kasuwa ba, dokokin ne ake rubutawa daidai wuyansu, wannan fanni sai da izini, wancan ba a yarda baƙo ya shiga ba, izinin kuma an san wa zai samu. To da mulkin ya faɗi abin da UTICA ta fara yi gidanta ta share, tsohon shugaban ya sauka, aka zaɓi mace, Wided Bouchamaoui, a 2011. A 2013 da aka kashe ƴan adawa biyu, Chokri Belaid da Mohamed Brahmi, ƙasar ta kusa wargajewa, sai UTICA ta haɗa kai da ƙungiyar ƙwadago UGTT da ƙungiyar lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam, su huɗu suka zaunar da jam'iyyu har gwamnati ta yarda ta sauka aka kafa ta riƙon ƙwarya, aka gama kundin tsarin mulki a Janairun 2014, aka yi zaɓe. A 2015 aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ku duba fa, masu gida da ƴan ƙwadago waɗanda kullum faɗa suke kan albashi, su ne suka zauna tebur guda, don duk su biyun sun san in ƙasa ta kama wuta ba albashi ba riba.

Amma kar in ɓoye maku ƙarshen labarin, ran 25 ga Yuli 2021 Kais Saied ya dakatar da majalisa ya tattara iko a hannunsa, kuma mutane da yawa tafi suka yi, saboda shekara goma ana zaɓe ana muhawara amma matasa ba aiki, lasisin nan da izinin nan kuma yawancinsu suna nan yadda suke. An gyara siyasa an bar kasuwa a hannun ƴan tsiraru. Nan maganar Baba ta fito.

Afirka ta Kudu ma an yi irin haka, wasu shugabannin kamfanoni sun kafa wata ƙungiya a 1988 suna ganawa da masu yaƙi da wariyar launin fata tun kafin a saki Mandela, daga baya su suka taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta 1991 kuma suka riƙe aikin sakatariya na CODESA, tattaunawar kawo ƙarshen mulkin wariya. Wato ba su ce ga wanda zai yi mulki ba, ɗaki da takarda da tsari suka samar.

To amma Alhaji duk waɗannan manya ne, misalin da ya shafe ka shi ne na Peru. Wani masanin tattalin arziki, Hernando de Soto, a 1983 ya sa yaransa suka kafa ɗan ƙaramin shagon ɗinki a Lima suka ce za su bi duk takardun da doka ta ce ba tsallake ko ɗaya, su ga kwana nawa za a ɗauka. Kwana 289. Sau goma aka nemi cin hanci a wurinsu, sau biyu dole suka bayar don ba yadda za a wuce. Wannan lambar 289 ita ta yi aikin da zanga-zanga ba ta yi ba, don ba wanda zai ce maka ɗan adawa ne kai, kwana ka ƙirga kawai. Cibiyar da ɗan yayarka yake nufi ina jin CIPE ce, an kafa ta a Washington a 1983, tana da alaƙa da majalisar ƴan kasuwar Amurka, kuɗinta kuma da yawa daga NED, asusun Amurka na tallafa wa dimokuraɗiyya, yake fitowa, kuma aikin de Soto na cikin na farko da ta tallafa wa. Salonsu shi ne ƙungiyoyi su zauna su jera matsalolinsu, su zaɓi uku ko huɗu da suka shafi kowa, su rubuta wace doka ce ke kawo matsalar da yadda za a canza ta, su kai wa hukuma, bayan wata shida su dawo su tambaya ina aka kwana. Ba wani sihiri a ciki, kuma ba sai Ba'amurke ya zo ba kafin a yi.

A nan gida ma ba a ce ba a yi komai ba. An buɗe Maison de l'Entreprise ƙarƙashin shambar da komas, inda ake yin rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF wuri guda cikin ƴan kwanaki maimakon yawon biro biro, an kafa kotun kasuwanci a Yamai, dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙasashen Afirka, OHADA, da muke ciki tun 1993 sun fito da matsayi na musamman don ƙaramin mai sana'a a 2010. Matsalar ita ce yawancin wannan daga sama ya sauko, masu ba da bashi ne suka matsa, ba ƴan kasuwa ne suka ƙwato ba, shi ya sa mai shago a Badagishiri ko Keita bai ma san da zamansu ba.

Hajiya Mai Atamfa (Yamai, babbar kasuwa)

Malam sannu da ƙoƙari, wallahi na ƙaru, amma kun yi ta lissafin manya kun manta wanda ya tada abin a Tunisiya ɗin, ai mai tura baro ne yana saida kayan marmari a Sidi Bouzid aka ƙwace masa kaya da sikeli ya rasa wanda zai saurare shi ya cinna wa kansa wuta, Disamba 2010. Wannan yaron wace ƙungiya yake ciki? Babu. Kuma irinsa su ne kasuwar ƙasar nan, je ka Katako je ka Wadata ka ƙirga masu NIF ka ƙirga marasa shi.

Ni ƴar Buza ce aure ya kawo ni Yamai, shekara 22 ina saida atamfa da leshi. Alhaji Ɗan Ader tambaya guda zan maka kuma don Allah kar ka ji haushi ƙanena, shugabanku yaushe aka zaɓe shi, kuma yaushe ya taɓa tsayawa gaban mutane ya ce ga abin da ya shigo ga abin da ya fita ga saura? Don mu mata muna da tamu, mun fara da adashi ne mu 30, kuma shekara bakwai uwar adashi guda ce ba mai tambayarta don ta girme mu kuma ta je Makka sau uku, ranar da aka ce a kawo kuɗin asusu za mu yi odar kaya tare sai ga kame-kame, wai an ranta wa wance wai an kai gaisuwa wuri kaza, ba ko takarda guda. Mun kusa watsewa, har gaba aka yi. Daga nan muka ce shekara biyu biyu za a riƙa zaɓe, ba a wuce sau biyu, mai riƙe kuɗi daban mai rubutu daban, duk wata uku a karanta lissafi da hausa da zabarmanci kowa ta ji. Wasu suka ce wannan rashin kunya ne ga manya, to tazarce a ƙungiya da tazarce a fadar shugaban ƙasa ni dai ban ga bambancinsu ba sai girman tukunya.

Kuma ka san mi? Sai bayan mun yi haka ne aka fara jin maganarmu. Akwai wasu masu karɓar kuɗin wuri da suke zuwa ba rasi, yau wannan gobe wancan kowa da kalar tikitinsa, muka yanke ba mai ƙara ba da ko dala sai da rasi mai lamba, muka tattara tikitocin wata biyu cikin leda muka je wurin hukuma mu mata tara har da goyo muka zube su bisa tebur muka ce a nuna mana wanne ne na gaske. Ba mu zagi kowa ba. Ba duka aka daina ba, ƙarya ne in ce an daina, amma kala uku sun ɓace daga ranar. Da mace guda ce ta je da an ce ta dawo gobe.

Direban Galmi (hanyar Madawa)

Hajiya kin gama magana. Ni albasa nike ɗauka daga Galmi da Madawa zuwa Gana da Abijan, kuma in ana maganar doka mu munka san ta don bisa hanya muke kwana da ita. Albasa ba siminti ba ce, in ta kwana uku cikin rana bakin shinge ta hwara ruwa, kuma masu shingen sun san haka sarai shi ya sa ba su gaggawa, kai za ka roƙe su su amsa. Akwai tahiyar da na yi takarduna cikakku ba abin da ya rage, wani mai kaki a wata ƙasa da ba zan hwaɗi ba ya riƙe su tun azahar har isha yana cewa tambarin bai hito da kyau ba, sai da na ba da jikka biyar tambarin ya hito.

Abin da nike son Alhaji ya sani, masu albasa suna da ƙungiya ta ƙasa, ANFO, kuma ƙungiyar ƙasashen sefa, UEMOA, na da wani tsari da ake ba direbobi takarda su rubuta shinge nawa sunka wuce, minti nawa anka tsaida su, nawa sunka biya, a tara a buga rahoto. Irin ƙirgan da Malam ya ce anka yi a Peru ke nan. Lokacin da rahoto ya hito a kan ɗan ji kunya a rage shinge, bayan wata kaɗan su dawo kamar ciyawar damina, don ba mai bin sawu. Ƙirga kaɗai ba ta isa ba sai da mai naci.

Kuma tun da CEDEAO ta sa muna takunkumi bayan Yuli 2023 anka ruhe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, duk da an ɗage a Fabrairu 2024 hanyar Benin ba ta koma yadda take ba, kayan tashar ruwa sai an zagayo ta Lome a bi Burkina da rakiyar sojoji. Wa ya ji a jikinshi? Mu da ku masu shaguna da mai sayen tiya guda. Waɗanda sunka yanke shawarar takunkumin ba su tambayi mai albasa ba, kuma ko da sun so tambaya wa za su kira ya yi magana da sunanmu duka, daga Ƙonni har Abalak? Ni wanga shi ne ya hi ci mani rai.

Sabon Jini 227 (Yamai)

Ni fa da na ji an ambaci Amurka sai jikina ya yi sanyi. Malam da girmanka, NED ɗin nan majalisar dokokin Amurka ce ke ba ta kuɗi, kai ma ka sani. Mun kori sojan Faransa a 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, sai kuma mu buɗe masu taga ta hanyar ƴan kasuwa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma na ga irin waɗannan atelye ɗin, a kai mutane otel kwana uku a ci kaji a raba perdiyem a ɗauki hoto da banderol, proje ya ƙare ƙungiya ta mutu. Gyaran tattalin arziki da suke faɗa ai shi ne wanda aka yi mana a shekarun 1980 da 1990, a sayar da kamfanonin gwamnati a daina ɗaukar ma'aikata, iyayenmu sun yi watanni ba albashi. Wace dimokuraɗiyya ce wannan ta kawo wa talaka?

Malam na Harobanda (Yamai)

Ƙanena ban ce a je a karɓo kuɗin kowa ba, an tambaya ko akwai irin cibiyoyin ne na ce akwai, ga sunanta ga inda kuɗinta ke fitowa, don mutum ya sani kafin ya sa hannu. Maganar perdiyem kuma gaskiyarka, na zauna cikin irin waɗannan tarukan na ga masu zuwa don ambulan kawai. Dubi ma hukumar agajin Amurka, USAID, da kanta an rufe ta a 2025, duk ƙungiyar da ta jingina da ita ta faɗi tare da bangon. Shi ya sa ni a wurina jikka gudan nan da mutum 60 suke bayarwa a Tawa ta fi miliyan ɗin proje daraja, don mai ba da jikka yana da bakin tambaya, shugaba kuma tsoronsa yake ji.

Amma ka raba abu biyu. Sayar da kamfanin gwamnati ga abokin minista abu ne daban, cewa a manna farashin fatanti da lampo a bango kowa ya gani ya biya daidai a ba shi rasi abu ne daban. Na biyun ba na Bature ba ne, ko a zamanin sarakuna akwai sarkin kasuwa akwai mudu da kowa ya yarda da shi. Kuma in ikon kai muke nema da gaske, gwamnatin da ke son rayuwa ba tallafin waje dole daga haraji za ta ci, harajin kuma aljihun su Alhaji zai fito, to wanda ake tatsa ai yana da damar ya ce a nuna masa inda nonon ke zuwa. Makwabtanmu Najeriya ma taron tattalin arzikinsu na gwamnati da ƴan kasuwa a 1993 aka fara shi, ana tsakiyar rikicin mulkin soja, ya rayu har aka miƙa mulki a 1999 kuma har yau ana yi. Ba su jira farar hula ta zo ba kafin su koyi zama tebur.

Ɗan Ader (Tawa)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baba na ji gargaɗinku kuma ba zan musa ba, don ko cikinmu akwai mutum biyu da na san in anka kira su biro anka ba su kujera mai laushi sun manta da mu. Hajiya kuma wallahi kin taka mani gyambo, shugabanmu tun ranar da anka kahwa ƙungiya shi ne, ba zaɓe anka yi ba, an dai ce Alhaji wane shi ne babba kowa ya ce to, kuma ni da ke rubutu ban taɓa ganin kuɗin ba, sunaye kawai nike rubutawa. Abokin babana ne, ban san da wane baki zan ce mashi a kawo lissahi ba, sai dai in bi ta wajen liman ko in sa wani tsararshi ya tada maganar ranar taro.

Abin da na ga zan iya ba tare da na ɓata da kowa ba shi ne ƙirgan nan. Na sayi kaye sabo yau da sahe, zan bi shagunanmu in tambayi kowa mi da mi ya biya cikin shekarar ga, ma wa, nawa, da rasi ko babu. Na hwara da maƙwabcina mai kayan gini, shagonshi da nawa girmansu guda layi guda, ashe abin da anka yanka mashi ya kusa ninka nawa kuma shekara shida muna gaisawa kullum ba mu taɓa sani ba. Shi har ya hwara hushi da ni kamar ni na yanka.

Malam in na gama tarawa zan turo maka hoton shahukan ta WhatsApp ka duba mani yadda ake jera su a takarda guda. Hajiya kuma don Allah wanga doka taku ta zaɓe da karanta lissahi, rubuce take ko da baki ce? In rubuce take a taimaka mani da kwafi kahin taronmu na ƙarshen wata.